Haruffa Masu Kumatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sauke ki Kaduna lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ki shiga gidan Goggonki Hajo da ƙafar dama. Na ce wa Mamanki kada ta ba ki takardar nan sai kin zauna cikin mota. Na san halina. In kika buɗe ta a gabana, fuska zan ɗaure in ce ki yi sauri kada mota ta cika.

Ba labari zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Kin samu aiki wurin masu tsara tambari da kwalaye da takardun jikin kaya, aikin da na tsufa ina yi da buroshi ke za ki yi shi da kwamfuta. Duk Ƙofar Atiku an zo an yi mini murna, ni kaɗai ne ban buɗe baki na yi miki ba. Abin da ke cin raina shi ne kada ki bar garin nan da tunanin ubanki ya raina hannunki. Shi ya sa na zauna in gaya miki inda na yi kuskure a sana'ar nan, mafi muni kuwa a kanki na yi shi.

Kakanki, Allah Ya jiƙansa, marubucin Alƙur'ani ne, a gabansa na koyi riƙon alƙalami. A wurinsa harafi ba abin wasa ba ne. In alifinka ya karkata ba zai ce maka komai ba, allon kawai zai turo maka ka je ka wanke. Da na koma rubutun boko a allunan shaguna sai na tafi da wannan tarbiyya ɗungurungum. Haruffana a tsaye suke ƙyam, kafaɗa a miƙe, kusurwa da kaifi. Na yi alfahari da su, har gobe ma ina yi. Inda na ɓata shi ne na ɗauka duk maganar duniya da wannan murya ɗaya ake yin ta.

Lokacin da unguwar Arkilla ta fara cika da gidajen ma'aikata, wata Hajiya da ta yi ritaya daga koyarwa ta buɗe makarantar ƙananan yara a can. Ta zo shagona da kanta, ta ciro wata ledar biskit daga jaka ta shimfiɗa a kan benci.

"Malam Bello, irin wanga nika so," in ji ta. "Ka ga yadda sunka yi kumatu, awa suna dariya? Yara ka shiga wurin ga, ba alƙalai ba."

Na ɗaga ledar da yatsa biyu. Haruffa ne kumbura-kumbura, ba kusurwa ko ɗaya, kamar ƙosai ya taso cikin mai. Raina ya ɓaci, wai ni za a kawo wa shara a ce in kwaikwaya. Na ce, "Hajiya, makaranta ta, ba tallan alewa ba. Ki bar min aikina." Mace ce mai kawaici, ta ninke ledarta ta mayar jaka. Na rubuta mata baƙi a kan fari, tsaf, aka kafa.

Bayan wani lokaci na bi ta layin da safe don in ga aikina. Na tarar da wata mata tana jan ɗanta a bakin ƙofar, yaro ya turje yana ihu, "Allura za a yi min! Allura!" Uwar tana ta rantse masa makaranta ce. Na ɗaga kai na kalli allon. Allon ɗakin shan magani na unguwar ma ni na rubuta shi, hannu ɗaya, fenti ɗaya. Yaron bai san ko harafi ɗaya ba, amma ya karanta allona sarai. Kafin zangon karatu ya ƙare Hajiya ta sauke shi ta sa wani. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, duk inda muka haɗu sai ta gaishe ni da fara'a, wannan ya fi zagi ciwo.

To Inno, kafin ki taɓa kwamfuta ki tashi ki je inda za a kafa abin. Ki ga wa ke wucewa. In yara ne, ki durƙusa ki kalli wurin daga tsayinsu. Kuma duk wanda ya zo miki da ledar biskit ki karɓa da hannu biyu. Bai san sunan salon rubutun ba, amma ya fi ki sanin mutanen da za su shiga ƙofarsa.

Da kin ce daga nan na yi hankali. Ban yi ba, wani gefen na faɗa.

Masu buga allunan talla da kwamfuta suka shigo gari, aiki ya fara guduna. Kowa masu kumatu yake so: mai yogot, mai burodi, mai kayan jarirai. Cikin fushi na zauna na koya, a nan kuma na gane abin da na raina ya fi nawa wuya. Rula ba ta da amfani a wurin. Dole ka juya buroshi da numfashi ɗaya, in ka tsaya a tsakiya kumatun ya fito da ƙari. Da hannuna ya faɗa sai na riƙa yi wa kowa, ba tambaya, ba duba fuska. Zuciyata tana cewa tunda dariya kuke so, ga ta nan.

Cikin haka wani baƙo ya zo, ba ɗan garin nan ba ne, ba kuma zan kama sunansa ba. Yana sayar da wani ruwa mai zaƙi a ƙananan kwalabe, wai maganin fitar haƙori na jarirai. Ya ce yana son rubutun da uwa za ta gani ta saki jiki. Na zana masa da rawaya da kore, na zuba duk gwanintata, ya kai aka buga aka lilliƙa. Kwalbar tana kan bencina har na gama aikin. Wallahi Inno ko murfin ban buɗe na shinshina ba.

Ba a daɗe ba aka ce ɗan abokina Isa tela na unguwar Minanata yana asibiti, ya yi ta barci an kasa tashinsa. Allah Ya yi da sauran kwanansa, aka sallamo su, na je dubiya. Muna zaune a tsakar gida matar Isa ta fito da kwalbar don ta nuna mini abin da ya jawo musu wannan tashin hankali. Na ga haruffana suna mini dariya a hannunta.

"Ni ban iya boko ba, Malam," ta ce. "Na dai ga rubutun shina murmushi, nic ce wanda yay yi wanga ba shi cutar ɗa."

Ba ta san da wa take magana ba. Isa ya sani, don ko cikin dubu ya san hannuna. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, bai tona ni ba, har yau kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Baƙon kuwa aka neme shi aka rasa. Na dawo gida a ƙasa, ban ma tuna da hawa keke ba.

Ki riƙe wannan fiye da komai a takardar nan. Harafi mai kumatu alkawari ne. Cewa yake yi, matso, ba abin da zai yanke ka a nan. Mutum yana yarda da shi tun kafin ya karanta, wanda bai iya karatu ba ma ya fi saurin yarda. Don haka kada ki ara wa kowa wannan fara'ar sai kin san abin da ke cikin kwalbar. Ki tambaya, ki shinshina, in na ci ne ki ɗanɗana. In kin ƙawata gaban kwali da masu kumatu, to gargaɗi da yadda ake sha da ranar lalacewa ki sa su da rubutu miƙaƙƙe wanda tsohuwa za ta gani ba tabarau. Za a samu mai ce miki ba ruwanki, ke dai zane aka sa ki. Ki tuna hannunki ne matar za ta riƙe ranar da abin ya ɓaci.

Tun daga ranar na ƙudurta ba ni ba wannan rubutu. Ban gaya wa kowa dalili ba, Mamanki ma sai cikin makon nan ta ji. Kin ga wani kuskuren cikin kuskure: maimakon in zargi rashin tambayata, sai na ɗora wa haruffa laifi. Su kuwa me suka yi? Inda na ajiye su nan suka zauna.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Kin gama karatun zane kin dawo gida, Mamanki ta sa firji a zaure tana sayar da kunun aya da zoɓo. Ta roƙe ni allo, ina ta ce mata gobe. Ni da na rubuta wa rabin kasuwa, ƙofar gidana ba ko harafi. Sai tafiyar ta'aziyya ta kama ni zuwa Wurno. Na dawo da la'asar na hango mutane tsaye a ƙofar gida, har gabana ya faɗi. Ashe allo suke kallo. Shuɗi ne kamar sararin sama, fararen haruffa masu kumatu a kai, wutsiyar na ƙarshe ta lanƙwaso ta zama ɗigon kunu. Kin shiga shagona, kin ɗauki katakona da buroshina, kin yi da hannu, ba kwamfuta.

Taubashina Garba yana cikin taron, kin kuwa san bakinsa. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Malam Bello, aje buroshi ka huta! Ɗiyakka ta hi ka, aradu. Naka rubutu awa sammaci, nata awa katin biki!"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, ta haƙora kawai. Na jira mutane suka watse. Kafin a kira magariba na sauke allon, na ɗauko gwangwanin farin fenti. Kin fito da butar alwalata kika same ni na kai rabi. Kika tsaya. Na ce, ko kallonki ban yi ba, "Ba a wanga rubutu gidan ga." Kika ajiye butar a hankali kika koma ciki.

Da safe na tarar da buroshina a jere kan benci, an wanke su tas da kananzir. Kika ce, "Baba, ga su, na wanke." Daga ranar ba ki sake taka shagon ba. Gaisuwar safe da ta yamma ba ki fasa ba, abinci kina kawo mini, amma yarinyar da ke zama a gefena tun tana rarrafe tana lashe mini alli, ban sake ganinta ba.

Mamanki ta bari sai da muka keɓe. "Malam, kai dai ka san abin da kas shahe, ba allo ba na," in ji ta. "Kwana da kwanaki tana aikin ga, ko abinci ba ta zama ci, tana ta hwaɗin Baba zai ji daɗi." Na ce mata ta bar zancen. Ta bari, ni ne zancen bai bari ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina kwalbar Minanata ce ta sa. Akwai wannan, ba ƙarya. Amma kunun Mamanki ne fa, wanda nake sha kullum, na san hannun da ya wanke ayar. In akwai inda fara'ar harafi ta faɗi gaskiya a garin nan, to a ƙofar gidana ne. Ragowar dalilin ƙyashi ne, Inno, ba wani suna da zan ba shi. Kafin in tsoma buroshi na tsaya gaban allon ina neman aibi. Na duba tazarar haruffa, daidai. Na duba kaurinsu, daidai. Na duba lanƙwasar da ke kan harafin tsakiyar zoɓo, na ga kin murɗa ta ta zauna da 'yan uwanta kamar tare aka haife su, abin da ni ban taɓa iyawa ba. Na nemi aibi ban samu ba, sannan na shafe. Kakanki in ya sa a wanke allo, akwai karkataccen alifi a ciki. Ni na ɗauki wankewar na bar adalcin.

Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na aikata a rayuwata, kuma ina neman gafararki.

Nasiha biyu ce a nan. Watarana za ki zama babba, a kawo miki aikin na ƙasa da ke. In da gyara, ki nuna wurin da yatsa ki faɗi dalili. In kuma ya fi naki kyau, ki faɗa da baki a gaban mutane, daga baya ki je ki ji zafinki ke kaɗai, zai wuce. Ta biyun kuma, shirun nan da kika yi mini, nawa ne, a wurina kika gada, kuma ba abin gado ba ne. Ladabi daban, haɗiye magana daban. In wani ya soke aikinki a can, ki gaishe shi da girmamawa ki ce ya nuna miki inda ya ɓaci. Da kin tambaye ni a ranar, da ban sami amsa ba, wataƙila da na ajiye buroshin. Ba laifi nake ɗora miki ba, so nake kada wani ya sake samun sauƙin da na samu.

Bari in ɗan sha iska da ƙananan abubuwa, don maganar can ta gajiyar da ni. Masu kumatu suna son fili, in kika matse su sai su zama dunƙule ɗaya. Suna ne ko gajeriyar kalma suka dace da ita, kada ki rubuta dogon bayani da su, ido zai gaji. In kin gama, ki tsallaka titi ki kalla, ki ga ko wanda ke cikin keke zai karanta kafin ya wuce. Ja da rawaya ba sa jure rana, ki gaya wa mai kaya gaskiya tun farko. Kada ki kai su kan sanarwar rasuwa ko ƙofar kotu, can ki nemo irin na ubanki, suna da ranarsu. Na kuma ji an ce yawancin haruffan kwamfuta ba su zo da lanƙwasar namu na Hausa ba. In haka ne ki zana musu da kanki, na ga kin iya.

Saura abu ɗaya. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun ranar suna bakina bai taɓa kama shi ba, Inno nake ce miki kamar kowa. Na rubuta sunayen mutane a shaguna da bayan motoci da akwatunan amare, wasu ma ban san fuskarsu ba, amma naki ban taɓa rubutawa ba. Ba na nadamar kunya, tarbiyyarmu ce kuma abu ne mai kyau. Nadamata ita ce na fake a bayanta. Kunya ta hana ni kiran sunanki, ba ta hana ni cewa sannu da aiki ba. Wannan ni na ƙara da kaina.

Allon nan da na shafe na sake rubutawa da hannuna, kin san ya daɗe a ƙofa. Ban sani ba ko kin lura, damina da rana sun cinye farin, kumatun haruffanki sun fara leƙowa ta ƙarƙashin nawa. Kullum in zan fita masallaci sai mun haɗa ido. Da aka sa ranar tafiyarki na sauke shi na kai shago, na ce bari in kankare nawa a hankali naki ya dawo. Bai yiwu ba. Duk inda na kankare, tare suke tashi.

Sai na sa zarto na yanki gefe guda, daidai abin da za a ɗora kan tebur. In kin sauka kin huta, ki duba ƙasan akwatinki, yana naɗe cikin tsohon ɗankwalin Mamanki. Sunanki na yanka ne a kai, cikakke, da haruffa masu kumatu. Na daɗe ban yi ba, hannun kuma ya tsufa. Harafin farko ya fi sauran ƙiba. Ki duba shi da idon sana'a, kada ki duba da idon ɗiya. In kin ga bai yi ba, ki shafe shi da fari, kina da wannan haƙƙin a kaina.

Ragowar allon na yi masa shuɗi na mayar ƙofar gida, ba komai a kai. Ba zan taɓa shi ba, ba kuma zan bari wani ya taɓa ba, ko zuwa Sallah ne ko bayanta. Jiya Garba ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam Bello, mi ya hwaru, hannun ya mutu?" Na ce masa a'a, mai rubutun gidan ce za ta yi tafiya, muna jiran ta dawo.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki yi wa Goggonki biyayya, ki gaishe ta da mutanen gidanta. Ki riƙa kiran Mamanki, don ta fi nuna dauriya fiye da yadda take da ita. In kin kira ta kuma, ina kusa.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannunki, Ya hana shi rubuta abin da zai cuci bawan Allah. Allah Ya yi miki albarka, Ya maido mana ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bello mai rubutu,
Ƙofar Atiku, Sakkwato.